Daga Makewayin Shikago zuwa Rigakafin Shan Inna

Lokacin da lauya Paul Harris ya tara abokansa uku a Shikago a 1905, zumunci da cinikayya ne suka haɗa su. Suna karɓa-karɓar masaukin taro daga ofishin wannan zuwa na wancan, daga nan sunan Rotary ya samo asali. Aikin gayya na farko da suka sa a gaba, a 1907, shi ne gina makewayin jama'a a tsakiyar birnin. Ba aikin da ake tinƙaho da shi a wurin liyafa ba ne, amma shi ya karkatar da akalar ƙungiyar zuwa hidimar al'umma.

A 1961 aka kafa kulob na farko a Najeriya, a Kano. Da Rotary ta ƙaddamar da shirin PolioPlus a 1985, kwamitocin 'yan sa-kai ne suka ɗauki nauyin tara kuɗi da wayar da kai. Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2003, sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin gurɓata maganin. Kuɗi bai warware wannan ba; sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna.