Ƙofar da Aka Rufe wa Malam Abdullahi



Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta Hubbare bayan sallar La'asar, na yi wa Shehu da waɗanda ke kwance tare da shi addu'a. Da na fito sai na tsinci kaina ina tunanin mutumin da ba a nan kabarinsa yake ba, wato ƙanen Shehu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ke kwance a Gwandu. Dalilin tunanin kuwa nawa ne na kaina: shekara biyu ke nan ba na magana da yayana saboda rabon gidan da mahaifinmu ya bari, kuma har gobe ina ganin ni ke da gaskiya. To, wannan gaskiyar ce ta hana ni barci.

Sau biyu Malam Abdullahi ya saki abin da ke hannunsa, kuma a ganina na biyun ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba.

Na farkon ya auku a shekara ta 1807. Jihadi na cikin shekararsa ta huɗu, an yi Tabkin Kwatto, an sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada. Malam ya duba waɗanda suka rage, ya ga da yawansu hankalinsu ya koma kan sarauta da dawaki da tufafi masu tsada. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat shi da kansa ya ba da labarin yadda zuciyarsa ta ƙi wannan hali, har ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka. Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake shugabanci bisa Shari'a, daga baya ya komo gida. Wannan gudun duniya ne irin wanda kowa yake ganewa yake kuma yabawa: mutum ya ga dukiya da matsayi ya juya musu baya.

Shekara goma bayan haka aka jarrabe shi ta wata ƙofar. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809. Shehu ya baro Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, Allah Ya yi masa rasuwa ran 20 ga Afrilu 1817. A lokacin Malam Abdullahi yana Boɗinga. Kafin ya iso, jama'ar Sakkwato sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da ya zo sai ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya akalar dokinsa, daga baya ya koma Gwandu da zama.

Ya kai ɗan'uwa, tsaya ka auna wannan. Shi ne wazirin Shehu, shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a 1804, shi ne na farkon waɗanda suka yi wa Shehu mubaya'a a Gudu, kuma a fagen ilmi kowa ya sallama masa. Ya girmi Bello da kusan shekara goma sha biyar, Bello kuma ya yi karatu a gabansa. Idan akwai wanda ya cancanci a jira shi a yi shawara da shi, to shi ne. Ba na cewa mutanen Sakkwato sun yi laifi, domin lokacin na tsoro ne, ƙasashe da dama suna jiran labarin rasuwar Shehu su yi tawaye, jinkiri kuwa kan haifi fitina. Amma mai hujja ma yana jin zafi, kuma fushin mai hujja shi ya fi wuyar magani, saboda Shaiɗan ba ya bukatar yi masa ƙarya. Abin da ya faru kawai yake maimaita masa dare da rana.

Shekaru suka ɗan ja, tsakanin baffa da ɗa babu yaƙi, babu kuma kusanci irin na da. Ana cikin haka aka yi rikicin Abdussalami, almajirin Shehu na Gimbana wanda ya yi tawaye a Kware, ya rasu a farkon 1818. Ragowar mutanensa suka tare a Kalambaina, wadda take kusa da Gwandu, (kada a ɗauka ta nan gefen Sakkwato ce inda masana'antar siminti take), suka zame wa Malam Abdullahi ƙarfen ƙafa. Sai Bello ya taso da rundunarsa ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da nake ta juyawa a raina. An ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa kamar yadda ya saba, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ya yi masa mubaya'a. An kuma ce ya miƙa wa Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, alkyabbarsa, alamar ya bar masa wazirci. Kowane ɗayansu ya riga ɗan'uwansa saukowa: ɗan ya zo da taimako yana shirin durƙusawa, baffan ya hana shi. Ba a ruwaito cewa an zauna an tono wanda ya ba da umurnin rufe ƙofa ba.

Allah Ya yabi masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane a cikin Suratu Ali Imrana, kuma malamanmu, bisa tafarkin Imamu Gazali a Ihya'u, sun lissafa fushi da son girma cikin cututtukan zuciya masu halakarwa. Malam Abdullahi ma yana da littafi a wannan fanni, Tahzibul Insani min Khisalish Shaiɗani. Na taɓa karanta irin waɗannan babuka a zaure ina gyaɗa kai, ina zaton da masu kuɗi da masu mulki ake. Ban lura ba cewa mutum yana iya rashin ko kwabo, amma ya rungume wani zalunci da aka yi masa kamar yadda marowaci ke rungume jakarsa, yana ƙirga shi kullum kada ya ragu. Ni ma ɗakuna biyun da muke jayayya a kansu ba su ne suka riƙe ni ba. So nake yaya ya furta da bakinsa cewa ya cuce ni.

Malam Abdullahi ya ci gaba da zama a Gwandu yana karantarwa yana rubutu har rasuwarsa a 1829, Bello kuma ya rasu a Wurno a 1837, gidajen biyu suka ci gaba da riƙe daula tare har zuwan Turawa a 1903. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Jiya da dare na ce wa mai ɗakina ta shirya, gobe in Allah Ya kai mu za mu je gidan yaya a Mabera mu gaida shi. Ta tambaye ni ko zan ɗauki takardun gidan, na ce ta bar su cikin akwati.