Wa Ke Riƙe da Hanyar Kasuwa? Nazari a kan Takarar DC da Marvel da Darasinta ga Mawallafan Hausa

Tsakure

Maƙalar ta sake duba takarar da aka shafe fiye da shekaru 80 ana yi tsakanin DC da Marvel, manyan kamfanonin Amurka masu buga mujallun zane na sadaukai. Ta nuna cewa dillanci, wato hanyar da mujalla ke bi ta isa hannun mai saye, shi ne ya riƙa raba gardama a kowane zagaye na takarar. Daga nan ta gwada wannan da tafiyar littafin Hausa daga Zariya zuwa Kano har kwarin Komadugu.

Gabatarwa

Matasan garin Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu sun san Superman da Batman da Spider-Man daga fina-finan da ake tura musu a waya da hotunan jikin riguna da jakunkunan makaranta. A fada, musun da ake yi shi ne wane jarumi ya fi wani ƙarfi. Tambayar da wannan bincike ya sa a gaba daban ce: me ya sa kamfanin da ya zo a baya ya wuce wanda ya ƙirƙiro sana'ar? DC ce ta fito da Superman a 1938 da Batman a 1939. Kamfanin Martin Goodman, wanda daga baya ya zama Marvel, ya shigo ne a 1939 yana bin sawu. Amma zuwa farkon shekarun 1970 shi ke gaba a ciniki.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce ta fasaha. Masu wannan ra'ayi suna cewa daga 1961, da Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, sannan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man a 1962, Marvel ta kawo jarumai masu rauni irin na mutane, masu fama da kuɗin haya da rigimar gida, yayin da jaruman DC suka zauna kamar waɗanda ba sa kuskure. Akwai gaskiya a nan, sai dai bayanin ya bar giɓi na shekara goma. In halin jarumai ne kaɗai dalili, me ya hana Marvel hawa gaba tun 1963, shekarar da Avengers da X-Men suka fito? Kuma me ya sa Kirby da kansa, da ya koma DC a 1970 da duk basirarsa, bai juya kasuwar ba, har aka dakatar da manyan mujallunsa cikin 'yan shekaru? Littafin Sean Howe na 2012 da na Reed Tucker na 2017 sun kawo labarin dillanci, amma rigimar marubuta da editoci ce ta fi cin shafukansu.

Hanyar Bincike

An jera shekarun da kamfanonin biyu suka sauya dillali ko farashi, aka gwada su da shekarun da rinjaye ya sauya hannu.

Sakamakon Bincike

Babban abin da aka gano yana cikin shekarar 1957. Goodman ya rufe nasa kamfanin rarrabawa a 1956, ya miƙa kayansa ga American News Company. Ba a daɗe ba wannan kamfani ya rufe harkar. Goodman ya rasa mai kai masa mujallu shaguna, dole ya je wajen Independent News, wanda a lokacin mallakar masu DC ne. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne kada ya wuce mujallu 8 a wata, shi da yake fitar da gommai. Lamarin ya yi kama da na manomin tattasai a bakin Komadugu da ba shi da motar kai kaya kasuwa sai ta abokin hamayyarsa, kuma mai motar ne ke faɗin buhu nawa za a ɗora.

Wannan ƙangi ya shiga har cikin tsarin labaran. Da yake gurbi ya yi kaɗan, sai aka riƙa cusa jarumai biyu a mujalla ɗaya: Iron Man da Captain America a Tales of Suspense, Hulk da Sub-Mariner a Tales to Astonish. Ƙarancin mujallu ya kuma sa edita ɗaya da masu zane ƙalilan suka iya riƙe komai a hannu, jarumin wannan mujalla yana leƙawa cikin waccan, labari yana ɗorawa a kan labari. Dunƙulalliyar duniyar nan da ake yaba wa Marvel, matsin dillali yana daga cikin abubuwan da suka haife ta. A lokaci guda kuma matsin ne ya hana cinikin kamfanin kai wa inda farin jininsa ya kai.

Da aka sassauta sharaɗin a 1968, nan take jaruman da ke haɗe suka sami nasu mujallun. A 1969 Marvel ta koma hannun wani dillali, Curtis Circulation, ta fita daga ikon DC gaba ɗaya. Sai zagayen farashi na 1971: kamfanonin biyu suka ɗaga kuɗin mujalla daga santi 15 zuwa 25 tare da ƙarin shafuka. Bayan wata ɗaya Goodman ya sauko zuwa santi 20, ya rage shafuka, ya ƙara wa dillalai kasonsu. DC ta tsaya a kan 25 har cikin 1972, tana cike shafuka da tsoffin labarai. Mai shago ya fifita abin da ya fi kawo masa riba, yaro ya sayi mai araha. A wannan tsakanin ne Marvel ta hau gaba.

Tarihin ya maimaita kansa ta ɗaya ɓangaren. A ƙarshen 1994 Marvel ta sayi kamfanin dillanci na Heroes World don ta riƙa rarraba kayanta da kanta. Kamfanin ya kasa ɗaukar nauyin. DC ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin dillanci na Diamond a 1995, ƙananan dillalai suka durƙushe, kuma a Disamban 1996 Marvel ta nemi kariyar kotu saboda bashi. Jarumanta na nan yadda suke a wannan shekara. Bashin masu kamfanin da karyewar hanyar kasuwa ne suka kayar da ita.

Darasi ga Adabin Hausa

Hausa ba ta rasa sadaukan takarda ba. Ganɗoki na Bello Kagara ya fito a 1934, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya gaji waɗannan littattafai, kuma makarantu ne babbar kasuwarsa. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga buga nasu da kansu. Muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka jagoranta a kan wannan adabi da ake kira Adabin Kasuwar Kano ta fi karkata ga inganci da jigo. Abin da ya kai waɗannan littattafai Maraɗi da Damagaram da Diffa shi ne araha da 'yan kasuwar da suka riga suka san hanya. Diffa ta fi kusa da Maiduguri nesa ba kusa ba a kan Yamai, kuma tun daga 2015 rashin tsaro ya takura zirga-zirgar kan iyaka. Mai son a karanta shi a nan dole ya yi lissafin hanyar da labarinsa zai bi, ko ta mota ko ta waya.

Iyakokin Bincike

Maƙalar ta tsaya ne a zamanin takarda. Takarar fina-finai da ta ɗauki zafi daga 2008, da sayen Marvel da Disney ta yi a 2009, suna buƙatar nazari na daban. Haka nan ba a musanta rawar fasaha ba, domin hanya mai kyau ba ta sayar da labari maras daɗi.

Kammalawa

A 1957 da 1969 da 1971 da 1995, sauyin dillali ko farashi ne ya riga sauyin rinjaye. Kira ga matasan masu zane da marubuta a Nijar da Nijeriya, da masu nazari a jami'o'in Diffa da Damagaram da Kano, shi ne su ba tambayar rarrabawa muhimmancin da suke ba ƙirƙirar jarumi. Duk mawallafin da ya bar hanyar kasuwarsa a hannun abokin takara, shi ne za a yanke wa iyakar abin da zai buga.