Aderonke Kale: Likitar da Muƙami Ya Rufe Aikinta

Da Manjo Janar Aderonke Kale ta rasu a Landan a watan Nuwamban 2023, tana da shekara 84, jaridun Najeriya sun taru a kan magana guda: ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a rundunar sojan ƙasa. Gaskiya ne, a 1994 aka ɗaga ta zuwa gare shi, ta kuma shugabanci sashen kiwon lafiya na rundunar. Amma a ganina wannan kirari ya tauye tarihinta, domin ya tsaya ga lambar da ke kafaɗarta, ya bar sana'ar da ta shigo da ita bariki.

Kale likitar ƙwaƙwalwa ce. Ta karanta likitanci a Ibadan, ta ƙware a Landan, ta bi sawun Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a asibitin Aro da ke Abeokuta ya fito da tsarin saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu. A 1972 ta sa kaki. Wannan shekarar ita ya kamata mai nazari ya riƙe. Shekara biyu ke nan da ƙarewar yaƙin basasa, rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba kafin yaƙi ta kumbura zuwa kusan 250,000, galibinsu samari da aka ɗiba cikin gaggawa aka tura fagen daga. Raunin harsashi ana ganinsa, a ɗinke. Sojan da barci ya ƙaurace wa, wanda ƙarar ƙofa ke zaburarwa, sai a ce masa raggo, ko a ce iska ce ta shafe shi. Cikin irin wannan runduna mace ta zaɓi ta yi aikin da maza ke jin kunyar nema.

Wani zai ce ai zama ta farko ma darasi ne ga 'yan mata. Ban musa ba. Sai dai a tuna cewa matan zamaninta ta ƙofar asibiti da makamantanta suke samun shiga hafsanci. Sai a 2011 Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin mayaƙa. Muƙaminta, ke nan, daga likitancin ya tsiro, kuma ba a fahimtarsa idan an raba su.

Batun lafiyar ƙwaƙwalwar soja ya shafe mu kai tsaye. Tun 2009 ake tura sojoji Borno da Yobe, daga baya Zamfara da Katsina, wasu su daɗe ba a canje su ba. Suna komawa ga matansu da 'ya'yansu ɗauke da abin da suka gani. Duk wanda zai rubuta tarihin Kale, ya fara da bincikar yawan likitocin ƙwaƙwalwa da rundunar ke da su a yau, da ko sojan da ya dawo daga dajin Sambisa yana ganin ɗayansu kafin a sallame shi gida.