Amanar da Doka Ta Tilasta

Magoya bayan Preston har yau suna kafa misali da Tom Finney, wanda bai sauya ƙungiya ba daga 1946 zuwa 1960. Amma a 1952, da Palermo ta Italiya ta neme shi da kuɗi masu tsoka, shugabannin Preston ne suka hana. Dokokin ƙwallon Ingila na lokacin sun ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa ko kwantiraginsa ya ƙare, sun kuma ƙayyade albashi, wanda bai wuce fam 20 a mako ba har 1961. George Eastham ya kai Newcastle kotu, ya yi nasara a 1963, hukuncin Bosman na 1995 ya ƙarasa kwance ɗaurin. Masu kiran ɗan wasan yau maci amana suna auna shi ne da mutanen da ba a ba zaɓi ba.