Asalin Wayar Tarho Mai Faifai da Abin da Ta Bar Mana

Yaron da aka haifa a Gombe bayan shekarar 2001 ya buɗe ido ne ya tarar da waya a aljihun kowa, har mai sayar da rake a bakin tasha. In aka nuna masa baƙar wayar nan mai nauyi, mai igiya a murɗe da faifai mai ramuka goma, sai ya tsaya yana neman inda ake dannawa. Dattawan Jekadafari da Bolari da Tudun Wada kuwa, da zarar an ambace ta sai hira ta ɓalle, kowa yana cewa a wancan zamani magana tana da daraja. Wannan kewa tana da tushe, amma ya kamata a san inda za a ajiye ta. Wanda ya bi asalin abin zai ga cewa hidimar wayar mutane kaɗan ne suka ci moriyarta, kuma da wahala suka ci. Ladabin da ya tsiro a gindinta shi ne ya cancanci a yi begensa.

Asalin tarho daga Amurka ne. A shekarar 1876 wani malamin kurame ɗan asalin Sikotlan, Alexander Graham Bell, ya samu takardar mallakar na'urar da ke ɗaukar muryar mutum ta cikin waya. Da farko babu lamba da mai kira zai juya. Sai ya ɗaga kan waya, ma'aikaciyar da ke ɗakin haɗa layi ta tambaye shi wa yake nema, ta soka igiya a ramin wancan, su gaisa. Ana ba da labari cewa wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Kansas, Almon Strowger, ya zargi masu haɗa layi da karkatar da masu nemansa zuwa ga abokin gasarsa, sai ya ƙudura raba mutane da su. A 1891 ya samu takardar mallakar injin da ke haɗa layi da kansa, aka fara aiki da shi a garin La Porte a 1892, bayan 'yan shekaru abokan aikinsa suka ƙara masa faifan juyawa. Yadda yake aiki abu ne mai sauƙi. Ka sa yatsa a ramin lamba biyar, ka ja har ya daki ƙarfen tsayawa, ka saki. Yayin da faifan yake komawa mazauninsa, sai ya katse wutar layin sau biyar, injin da ke can ofis ya ƙirga, ya matsa taki biyar. Sifiri kuwa sau goma yake katsewa, shi ya sa lamba mai sifiri da yawa take cin lokaci. Ba a iya yi wa faifan gaggawa, dole a jira ya dawo kafin a ja ta gaba.

A Najeriya, waya ta shigo ne don aikin mulki. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, zuwa 1893 ofisoshin gwamnati a Legas sun samu tarho. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa, sai suka bi hanyoyi suna kafa turakun waya domin Gwamna ya riƙa jin labarin Razdan, Razdan ya riƙa jin na Di'o. Ranar da aka samu 'yancin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne a ƙasar da ke da mutum kimanin miliyan 40, wato layi ɗaya ga mutum sama da 2,000. Garin Gombe na yanzu ya fara bunƙasa ne daga 1919, lokacin da aka dawo da hedikwatar masarauta daga Nafada zuwa Doma, wato inda garin yake yanzu, ya ƙara haɓaka da cinikin auduga da gyaɗa da isowar jirgin ƙasa a 1963. A gari irin wannan an san inda waya take: ofisoshin gwamnati, fada, asibiti, tashar jirgi, banki, kamfanonin auduga, sai gidajen 'yan kasuwa ƙalilan da manyan ma'aikata. Hukumar P&T ce ke kula da ita tare da wasiƙu, har zuwa 1985 da aka raba su aka kafa NITEL. A lokacin lambar Gombe ita ce 072, ta Kano 064, ta Bauchi 077. Har aka ƙirƙiro jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, waya ba ta zama kayan talaka ba, domin zuwa 2001 layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100.

To, wannan ƙarancin shi ya haifi ladabin da ake magana. Da yake waya ɗaya ce a layin unguwa gaba ɗaya, sai ta zama amanar mai gida. Ɗan makwabci da ke karatu a Zariya ko aiki a Legas zai bugo ya gaishe da mai gidan, ya tambayi iyali, sannan ya roƙi arziki a kira masa mahaifiyarsa, ya ce zai sake bugowa bayan minti goma. Mai gida ya tashi yaro: maza je ka gidan Malam ka ce wa Inna ana neman ta a waya. Ta yafa mayafi ta zo, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, ta zauna tana jiran ƙararrawa. In ta ɗauka, maganar ba ta wuce abin da ya kawo ta, domin kuɗi na tafiya kuma mutanen gida suna ji. Wanda zai kira sai ya tsara zancensa tun kafin ya taɓa faifai. Ba a bugowa tsakar dare sai da babban dalili, ba a kuma iya cewa ana Kaduna alhali ana Pantami, tunda wayar ba ta motsi daga inda aka girke ta. Saurayin da ke neman yarinya ya san mahaifinta ne zai iya ɗauka, don haka da sallama da sunansa da na gidansu yake farawa.

Wani zai ce ai ita kanta hidimar ta fi ta yau, murya tana fita tangaran, kuma ko an ɗauke wuta waya tana aiki. Akwai gaskiya a ciki, domin wutar wayar girke daga batiran ofishin waya take zuwa ta cikin layin, ba ruwanta da caji. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma tunawa takan tace wahala ta bar daɗi. Mutum kan cike takardar neman layi ya shekara yana jira. Da damina ruwa ya shiga ramin waya, layi ya mutu makonni. Wani lokaci a ɗaga kan waya a yi ta sauraro kafin sautin buɗewar layi ya zo, wani lokaci kuma a ji hirar wasu ta faɗo cikin taka. Har ƙaramin kwaɗo ake ɗaura wa faifan saboda tsoron takardar kuɗin wata, yara masu wayo kuma su koyi ƙwanƙwasa maɓallin ajiye kan waya da sauri su fitar da lamba. Manomin Kumo ko Dukku da matarsa ke naƙuda, duk wannan ma bai same shi ba. Wanda ya ce a koma can, ya manta da mutum nawa aka bari a waje.

Wani kuma zai ɓullo ta ɗaya gefen ya ce, in haka ne ladabin ma na dole ne, tsada ce ta hana surutu, rashin sirri ya hana ƙarya, don haka ba abin yabo a ciki. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta kai inda ake so ta kai ba. Mafi yawan kyawawan ɗabi'u da larura suke farawa, daga baya jama'a su gane amfaninsu su riƙe. Babu dokar da ta tilasta wa mai waya ya aiki ɗansa cikin rana ya kira makwabciya, ko ya rubuta saƙon wani a takarda ya kai da kansa. Yana iya cewa ba a nan, ya ajiye. Tarbiyyar makwabtaka ce da ke akwai tun kafin Bell, ta samu sabon abu ta shigar da shi cikin tsarinta. Tunda daga mutane ta fito, mutuwar na'urar ba ta zama uzurin barin ta ba.

A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta biyo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Cikin 'yan shekaru lemomin masu buga waya suka cika bakin titi, su ma suka ɓace da kowa ya mallaki tasa, NITEL ta durƙushe aka sayar da kadarorinta. Wannan alheri ne babba, kuma ba mai hankalin da zai so a mayar da shi baya. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne aikin da a dā tsada da igiya suke taya mu. Uba ya koya wa ɗansa sallama da faɗin suna kafin bukata, a daina kiran mutane lokacin barci ba dalili, a ajiye waya in babba yana magana, a faɗi gaskiyar inda ake, a kuma tantance labari kafin a tura wa jama'a. Gidan da ya riƙe waɗannan ya gaji mafi kyawun abin da tsohuwar waya ta zo da shi, kuma ba sai ya cike takarda ya jira shekara ba.