Doka, Bakolori da tambayar da wani dattijo ya yi min

1/ Hutun nan na koma gida Kudan da takardun tambayoyin furojet ɗina kan noman rani. Wani dattijo mai gonar rake ya amsa min komai, sannan ya ce: "Ɗan nan, kai ma rubutawa za ka yi ka tafi, ko za ka dawo mana da abin da ka gano?" Wallahi na rasa ta cewa. Shi ya sa na koma tarihi. Ku biyo ni.

2/ Da yawanmu ba mu san yankinmu ya shiga tarihin binciken noma na duniya ba. A 1966 zuwa 1967, David Norman da ma'aikatansa na cibiyar IAR Samaru sun bi manoma a ƙauyuka uku: Hanwa, Ɗan Mahawayi, da Doka ta kan hanyar Zariya zuwa Kano.

3/ A lokacin, malaman gona na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Su Norman ba su zo da wa'azi ba. Tambaya suka yi, suka riƙa rubuta awannin aiki da abin da aka girba.

4/ Sakamako? Ashe manomi ne ke da gaskiya. Haɗin ya fi riba a kan eka, ya fi biyan wahala a Yuni da Yuli lokacin da noma ke cin hannu, kuma in gero ya ƙi, dawa ta rufa asiri. Norman ya wallafa hakan a 1974, ya kuma taimaka wajen haifar da tsarin binciken da ke farawa daga gonar manomi.

5/ To ga kishiyar haka. Madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, da aka kammala a 1978. An zana komai a ofis, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, diyya ta zama rigima, na ƙasa da dam kuma suka rasa ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu.

6/ Manoma suka tare hanyoyi. A Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, rayuka da yawa suka salwanta. Maganar da ba a saurara a zaure ba, sai da aka ji ta a bakin shinge.

7/ Shirin Fadama na farko, a farkon shekarun 1990, ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyoyin tuka-tuka. Noman rani ya bunƙasa, amma makiyayi ya tarar an nome mashaya da burtali. An tambayi manomi, an manta da mai shanu.

8/ Fadama II, daga 2004, da Kaduna a ciki, ya gyara salo: manoma, makiyayi, masunta da mata su kafa ƙungiyoyi, su tsara abin da suke so da kansu kafin kuɗi ya fito.

9/ Sai dai fa na duba takarduna: cikin duk waɗanda na tambaya babu mace ko ɗaya, babu Bafulatani. Alhali mata da yara ne suka san rijiyar da ke fara ƙafewa a bazara. Kuskuren da nake zargin manya da shi, ni ma na tafka.

10/ Don haka zan koma. Zan roƙi Inna ta shiga da ni gidaje, in je ruga, in na gama kuma in karanta wa Baba mai rake sakamakon da Hausa, ya gyara min inda na kauce. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake yoyo.

Ku masu furojet, wa kuka bari a baya?