Bakasi Da Darak: Yadda Takardar 1913 Ta Kayar Da Zaman Kaka Da Kakanni

Jama'a, mu da neman abinci ya kawo mu kudu, musamman masu bin hanyar Kalaba da Ikom, ba baƙin sunan Bakasi ba ne. Har gobe in aka zauna hira a rumfa aka taɓo maganar, sai ka ji wannan ya ce Gowon ne ya ba da ita kyauta, wancan ya ce a'a, Obasanjo ne ya sakar wa Kamaru. To mun ga ya kamata mu bi zancen tun daga tushe, domin rigimar ta girmi su duka biyun.

Bakasi dai wani yanki ne na tsibirai da fadamu a bakin teku, gabas da Kalaba. Mafi yawan mazaunansa masunta ne, Efik da dangoginsu, waɗanda suka ɗauki kansu talakawan Obong na Kalaba. A shekarar 1884 Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan tsohuwar Kalaba. Sai kuma a ranar 11 ga Maris 1913 Ingila da Jamus, wadda ke riƙe da Kamaru a lokacin, suka zauna suka ja iyaka, suka ce kogin Akwayafe shi ne marabar ƙasashensu. Wannan layi ya jefa Bakasi ɓangaren Jamus. Babu wanda ya tambayi masuncin da ke cikin kwalekwalensa.

Bayan yaƙin duniya na farko aka ƙwace Kamaru daga hannun Jamus, aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa. Kason Ingila an haɗa shi da Nijeriya wajen mulki, don haka shekara da shekaru babu mai jin akwai wata iyaka a wurin. Sai a watan Fabrairu 1961 da aka yi ƙuri'ar raba gardama: Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya, shi ne ya zama Lardin Sardauna, Kudancin Kamaru kuwa ya zaɓi komawa Kamaru. Daga ranar nan tsohon layin 1913 ya farfaɗo, ya zama iyaka tsakanin ƙasashe biyu masu 'yanci. A 1964 kuma, a taron Alƙahira, shugabannin Afirka suka amince kowa ya tsaya kan iyakar da ya gada daga Turawa.

Shi Janar Gowon abin da ya yi shi ne sa hannu da Shugaba Ahmadu Ahidjo a garin Marwa ranar 1 ga Yuni 1975, a kan iyakar cikin ruwa. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da shi, waɗanda suka gaje shi kuma suka ƙi takardar. Maganar cewa tukuici ya ba Ahidjo saboda taimakon lokacin yaƙin basasa, shi da kansa ya sha musanta ta.

Da aka fara jin ƙamshin man fetur a ruwan yankin, sai kowa ya ƙara zare ido. A watan Mayu 1981, zamanin Alhaji Shehu Shagari, aka kashe sojojin Nijeriya biyar a wurin, saura ƙiris a gwabza, Allah Ya kiyaye Kamaru ta ba da haƙuri. A ƙarshen 1993 Janar Abacha ya tura soja, aka yi ba-ta-kashi a farkon 1994, sannan ranar 29 ga Maris 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya. Bayan 'yan watanni ta ƙara da cewa a duba iyakar gaba ɗaya, tun daga Tafkin Chadi har teku, tafiyar wajen kilomita 2,000.

A nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba. Tafkin Chadi ya yi ta janyewa saboda fari, masunta da manomanmu, Hausawa da Barebari da sauransu, suka yi ta bin ruwa har suka kafa Darak da ƙauyukan kewaye da ita. Suna biyan haraji ga ƙaramar hukumar Ngala ta Jihar Borno, ba su san sun tsallake wani layi da Ingila da Faransa suka ja a 1919 suka kuma tabbatar a 1931 ba. Ina mai bin kifi zai ga layi a cikin ruwa?

Hujjar Nijeriya a gaban kotu iri biyu ce. Ta farko, ta ce amanar kariya aka ba Ingila a 1884, ba mallaka ba, kuma wanda aka ba ajiya ba shi da ikon sayarwa. Duk ɗan kasuwa ya san wannan magana gaskiya ce a rumfa. Ta biyu, ta ce mutanenta ne a wurin, ita ke karɓar haraji, ita ta gina makaranta da asibiti. Kamaru kuwa takardu kawai ta shimfiɗa. Ranar 10 ga Oktoba 2002 alƙalai 14 suka ba Kamaru gaskiya, biyu suka saɓa, wato Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola da Nijeriya ta naɗa. Kotu ta ce a dokar wancan zamani irin yarjejeniyar 1884 hanyar mallakar ƙasa ce, saboda haka Ingila na da ikon bayarwa. Ta ce zama a wuri, komai daɗewarsa, ba ya soke takardar da ta riga shi. Ta kuma ce hannun shugaban ƙasa a takardar Marwa ya wadatar. A ganinmu hujjar farko ba ta sami adalcin da ya kamata ba, don dokar da aka auna ta da ita ai dokar masu cin ƙasar ce. Amma kuma mu ma muna da namu sakacin, domin bayan 1960 an daɗe hukuma ba ta ɗaga murya a kan Bakasi ba.

Hukunci fa ba ya janye soja. Kotun Duniya ba ta da ɗan sanda ko ɗan doka, kuma ƙarfin Nijeriya ya fi na Kamaru nesa ba kusa ba. Abin da ya hana jini zuba shi ne aikin mai shiga tsakani. Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi dabara irin ta gogaggen dillali: tun a watan Satumba 2002, kafin a san wanda zai ci, ya haɗa Obasanjo da Paul Biya a Faransa don su daidaita kan mutunta abin da zai fito. Bayan hukunci, a watan Nuwamba, ya sake zaunar da su, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin Ahmedou Ould-Abdallah ɗan Muritaniya. Sai suka fara da mai sauƙi. A watan Disamba 2003 Nijeriya ta janye daga Darak da ƙauyuka sama da talatin na bakin tafki, ita ma ta karɓi wasu wurare da kotu ta ce nata ne, don kada a ce gefe ɗaya ne kawai ke bayarwa. Mai wuyar aka bari a ƙarshe.

Ranar 12 ga Yuni 2006 aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka, da shaidu huɗu: Amurka, Ingila, Faransa da Jamus. An yarda soja su fita cikin kwana 60, kuma ba za a kori ɗan Nijeriya daga Bakasi ko a tilasta masa sauya ƙasa ba, ba za a hana shi kamun kifinsa ba. Majalisar Dattawa ta yi bore a 2007, ta ce ba a kawo mata takardar ba, amma Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya cika alkawari, aka miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan sulhu su ne talakawan wurin. Dubbai sun kwashe komatsansu sun dawo wajen Ikang a Jihar Kuros Riba, masunta aka ajiye su a tudu nesa da ruwan da suka sani, suka yi shekaru suna kukan matsuguni. Waɗanda suka zauna kuwa suka yi ta ƙorafin haraji da jandarmomi. Su mutanen Bakasi aƙalla jaridun Legas sun yi ta buga kukansu, na Darak kuwa da wuya ka ga an ambace su. A watan Oktoba 2012 wa'adin shekara goma na neman a sake duba hukuncin ya cika, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba, a watan Agusta 2013 kuma Kamaru ta karɓi cikakken iko da yankin.